Saude, Mai Masaukin Maɓoya

Kakata Saude ba ta taɓa kwana a gindin dutse ta tashi da lafiya ba. Ba ƙari na yi ba, duk mutanen Maɓoya sun san haka, kuma sai an riƙe wannan za a gane abin da ya faru shekarar da aka buɗe otal a kan dutsenmu.

Maɓoya ƙaramin gari ne a ƙasar Bukkuyum, in ka bar hanyar Gwashi ka karkata. Garin da ake gani yanzu a ƙasa yake, amma asalinsa a sama ne. Dutsen duk kogo ne, wani ƙarami kamar akurki, wani ya fi zauren hakimi faɗi. A ciki kakanninmu suka zauna zamanin yaƙe-yaƙe, suka haihu, suka yi aure, suka tara hatsi. Da duniya ta kwanta sai aka fara sauka gida-gida, don gona da rijiya da kasuwa duk a ƙasa suke. Kafin a haife ni yawancin mutane sun sauko, har zama a sama ya koma abin gori. In yaro ya ci tuwo bai wanke hannu ba, sai ka ji an ce masa ɗan kogo.

Saude kuwa ko a jikinta. A kogon farko, wanda yake bakin tsohuwar hanyar ƙafa, aka haife ta, a nan aka kawo mata kakana Surajo tun da shi ba shi da nasa, a nan ta haifi mahaifina Bello. 'Yar ƙaramar mace ce, in ta tsuguna bakin murhu sai ka ɗauka tulu ne aka kife. Muryar ce ba ta dace da jikin ba: tana iya kiran sunanka daga sama ka ji kana masallacin ƙasa. Sana'arta daddawa. Ta dafa kalwa, ta surfa, ta wanke, ta rufe da ganye a wani lungu na kogon da ta ce ya fi ko'ina iya ruɓar da ita. A kasuwar Bukkuyum ba a tayin daddawar Saude, ɗauka kawai ake yi. Warin kuwa, Allah ya jiƙan tsohuwa, tun daga tsakiyar hawa yake yi maka maraba.

Abu na biyu da aka san ta da shi ruwa ne. Can ƙuryar kogon akwai wata tsaga da ruwa ke ɗiga daga cikinta rani da damina, ta ajiye randa a ƙarƙashi. Ruwan nan ko a tsakiyar bazara sai ya kama maka haƙori. Mai itace, mafarauci, matan Fulani masu tallar nono da ke ajiye ƙwaryarsu a inuwarta kafin rana ta yi sanyi, babu wanda ya isa ya wuce ƙofarta bai sha ba. In ka ce ba ka jin ƙishi sai ta tambaye ka ko guba ka ji an ce tana zubawa.

Ni Malami jikanta ne na fari, don haka ni ne mijinta na wasa. Ba na shiga sai na ce, "Amarya, har yanzu ba ki gaji da ramin nan ba?" Ita kuma ta ce, "Miji marowaci, da mi kaz zo? Ko bakinka kaɗai kat taho da shi?" A haka muka saba tun ina rarrafe har na yi iyali.

An taɓa sauko da ita sau ɗaya, bayan rasuwar kakana. Mahaifina ya gina mata ɗaki mai rufin kwano, sabo fil, irin wanda mata ke zuwa kallo. Ba ta yi musu ba, ta shiga. Sai ta daina cin abinci. Barci ya ƙaurace mata, da rana ta fita ta zauna ƙarƙashin rumbu tana kallon dutse, muryar nan da ke cika gari ta koma kamar ta mai mura. Wata bai cika ba ƙafafunta suka kumbura. Mahaifina ya goya ta da kansa ya mayar da ita sama, kuma a ranar ta cinye malmala biyu ta nemi ƙari. Ƙawarta Uwani, wadda 'ya'yanta suka sauko da ita a shekarar suka ƙi mayarwa, ta rasu tun kafin kaka. Tun daga nan babu wanda ya sake yi wa Saude maganar sauka, sai ni, ni ma da wasa.

Ana nan sai kuɗin mai ya shigo ƙasa, kowa ya zama ɗan kwangila. Cikinsu akwai Alhaji Dikko, mutumin Gummi, dogo mai fara'a, wanda ya yi yawon ƙasashe har ya gano wani gari inda ya ce Turawa ke biyan kuɗi masu kauri don a bar su su kwana cikin kogo. Ya tuna da dutsenmu. Ya je Sakkwato ya sami izini, hakimi ma ya yarda. Da labari ya iso gari an yi dariya har da riƙe ciki. Mu da muka yi ta fama mu rabu da sunan 'yan kogo, ashe akwai masu sayen sunan da kuɗinsu.

Dariya ta tsaya da katafila ta iso. Aka fasa sabuwar hanyar mota ta bayan dutse, aka share kogunan da suka fi girma, aka kori jemagu, aka yi daɓen siminti aka shimfiɗa darduma. Aka hau da gadaje masu katifar da in ka zauna sai ta haɗiye ka, da bahon wanka fari, da firji, da janareta mai kukan da ke firgita awaki. Aka ɗauko kuku daga Kaduna mai doguwar farar hula. An ce abin da baƙo zai biya a kwana ɗaya ya isa ragon layya. Ni kuma, da yake na iya tuƙi, Alhaji ya ɗauke ni direban Landirobarsa.

Kogo ɗaya ya rage, shi ne kuma wanda Alhaji ya fi so. Na Saude ya fi kowanne faɗin baki, daga ƙofarsa kana hango fadama da garken shanu har iyakar ganinka. A nan yake son ɗakin cin abinci. Ban da haka, ya ce ba zai yiwu Bature ya biya kuɗin rago ya tashi da warin daddawa a hanci ba. Gaskiyarsa ce ta wani ɓangaren, ni da na girma da warin ma wani lokaci sai na toshe hanci.

Ya hau da kansa, da goro da turmin atamfa, ya durƙusa ya gaishe ta yadda ya kamata. Ta ba shi ruwa, ta ƙare masa kallo.

"Kai ɗan wa na a Gummi?"

Ya faɗi sunan mahaifinsa.

"Mai masaukin hwatake? Na bakin kasuwa? Ashe kai ɗan gida na. Maigidana baƙon ubanka na. In yak kai auduga Gummi nan shika sauka, hal yam mutu bai sake masauki ba."

Alhaji ya ce Allah ya jiƙansu duka, ya shiga maganar da ta kawo shi. Zai gina mata ɗaki a ƙasa, in ba ta son kwano a yi mata soro, a sa mata randa sabuwa, a riƙa kai mata abinci.

"Na gode," in ji ta. "Ba ni zuwa."

Ya sake hawa, ya sake, amsar ba ta canza ba. Daga ƙarshe magana ta koma gaban hakimi, hakimi ya yanke: tsohuwa ta sauka kafin baƙin farko su iso. Mahaifina manomi ne, bai taɓa ɗaga ido ya dubi hakimi ba, balle ya ce a'a. Ya hau ya gaya mata yana kallon ƙasa. Na zaci za ta tara masa gari da faɗa, amma sai ta juya ta shige ƙurya. Washegari na je na tarar da tukunyar kalwa a kife, murhu babu wuta. Na ce, "Amarya, yau babu aiki?" Ta ce, "Wa zai ci?" Tsoro ne ya kama ni, don na tuna Uwani, kuma na san duk wanda ya ɗauko Saude daga kogon nan kabari ya nufa da ita, ko da soron zinariya ya gina mata.

Baƙin farko wani Bature ne da matarsa, yana aiki wurin madatsar ruwa ta wajen Talatar Mafara, suna son su yi hutunsu a otal ɗin. Ni aka aika in ɗauko su. Ranar da za su iso ita ce ranar da za a sauko da Saude, da sassafe, kafin mota ta zo. Na roƙi Alhaji ya aiki wani, ya ce wa ya iya motar in ba ni ba. Na tafi raina a jagule.

A jajibirin ranar, da la'asar, aka yi ruwan farko, irin mai zuwa da iska ya tafi da rufin mutane. Ni ina Talatar Mafara ban san abin da ya yi a gida ba. Sai da muka iso gindin dutse rana ta take, na karya kan mota zuwa sabuwar hanya, na ga babu hanya. Ruwa ya kwashe kwalbatin ya bar rami mai haɗiye raƙumi. Alhaji kuwa tun jiya yana sama, a ƙofar otal ta bayan dutse, da makaɗa da rago da kuku, yana jiran ya ji ƙugin mota.

Na yi wa Baturen bayani da guntun Turancina, shi kuma ya amsa da guntuwar Hausarsa ta wurin aiki. Babu wata dabara sai tsohuwar hanyar ƙafa. Na ɗora akwatinsu a ka, muka kama hawa. A raina ina cewa ko ba komai yanzu an riga an sauko da tsohuwa, ba zan ga fitarta ba.

Wanda bai hau dutse da rana tsaka washegarin ruwan farko ba bai san zafi ba. Ƙasa na fitar da tururi, dutse na mayar maka da rana a fuska. Baturen, babban mutum mai furfura a gefen kunne, ya yi jajir yana huci. Matar ta cire takalmanta masu tsini ta riƙe a hannu, dutse ya gasa mata tafin ƙafa, ta mayar. Can ta fara tangaɗi. Da muka sha kwanar ƙarshe sai na hango taron mutane a ƙofar Saude.

Ba a sauko da ita ba. Mai unguwa Labbo, dattijon da hakimi ya ɗora wa aikin, ya ce dutse da santsi bayan ruwa, ba zai ɗauki alhakin a zame da tsohuwa ba, a jira ya bushe. Ga mahaifina tsaye, ga wasu dattawa, ga majiya ƙarfi da gadon kara da suka ɗaure wa sanduna don ɗaukarta. An ce da ta ga gadon cewa ta yi, "Kun kyauta da kunka taho da makara, kun rage ma kanku wahala." Tana zaune a bakin kogo, kayanta duka a ƙulle cikin zane ɗaya a gabanta.

Matar Baturen ba ta ko kalli mutane ba. Inuwa ta gani, ta yi taku biyu ta zube a bakin kogon, kanta ya langaɓe. Mijin ya rikice yana yi mata fifita da hula. Mazan da ke wurin kowa ya ja baya, don ba wanda ya san yadda ake taɓa matar Bature.

Saude ta jawo ƙunshin kayanta ta kwance. Ta zaro moɗa, ta zaro tabarma, ta miƙe ta shige ƙurya da saurin da na manta tana da shi. Ta dawo da ruwa, ta tallabo kan matar ta shafa mata a fuska da wuya, sannan ta kafa mata moɗar a baki. Matar ta sha har tana ƙwarewa. Aka sake cikowa, mijin ya shanye ya miƙa a ƙara. Saude ta shimfiɗa tabarma daga ciki inda sanyi yake, ta nuna musu da hannu.

"Ku shigo. Maraba da baƙi. Kun sha hanya."

Suka shiga suka zauna. Baturen ya ɗaga kai yana kallon rufin kogon da hayaƙin shekaru ya mayar baƙi ƙirin, ya ja numfashi, ya ce da ni a hankali ɗakin kakarsa a ƙasarsu haka yake wari. Ban san ko daddawar yake nufi ko hayaƙin ba, ban kuma tambaya ba.

Da na waiwaya sai na ga mai unguwa Labbo ya nemi dutse ya zauna, ya miƙe ƙafa, ya ɓare goro. Sauran dattawan ma suka zazzauna. Ɗaya daga cikin masu gadon ya ce, "Baba, dutse ya bushe hwa." Labbo ya ce, "Na gani. Wa za ka ɗauka? Mai baƙi?"

Wanda ba ɗan ƙasarmu ba zai ce ruwa ne kawai aka sha. A wurinmu, gidan da baƙo ya fara shiga aka ba shi ruwa aka yi masa shimfiɗa, nan ne masaukinsa. Mai gidan ne zai san cinsa da kwanansa, shi zai sallame shi in zai tafi, in ya dawo bayan shekara goma nan zai sauka, wanda ya aiko ma nan zai sauka. Ɗauke wa mutum baƙo cin fuska ne da ake gadar wa 'ya'ya. Ɗauke mai gida a bar baƙo zaune a tabarmarsa kuwa, wannan ko sunansa ba mu da shi, don ba a taɓa yi ba.

Labari ya zagaya dutse ya sami Alhaji. Sai ga shi ya taho da sauri, babbar riga a naɗe a kafaɗa, kuku na biye da shi da laima. Ya ba baƙin haƙuri da Turancinsa mai kyau, ya ce ɗakinsu na can a shirye, da ruwan firji da komai. Baturen ya yunƙura zai tashi. Labbo ya yi gyaran murya.

"Alhaji," in ji Saude daga inda take tsugune, "ina za ka da baƙina?"

"Inna, baƙin otal na. Ni nig gayyato su, motata tad ɗauko su."

"Motakka tak kawo su gindin dutse. Wa yab ba su ruwa?"

Alhaji ya dubi mai unguwa. Labbo yana ta taunar goro kamar ba da shi ake ba. Ya dubi mahaifina, mahaifina ya dubi ƙasa. Ni ma ya dube ni, na gyara akwati a kaina, don ban ma tuna in sauke shi ba.

"Inna, wanga zamani daban na. Otal ba gida ba na."

"To. Ni ban san zamani ba, ubanka nis sani. Hwaɗa mani, ranad da ƙanenai yaj janye mashi baƙo mai goro, shekara nawa sunka yi ba su gaisawa?"

Na ga fuskar Alhaji ta canza. Ashe maganar sananniya ce a Gummi, kuma shi yana yaro a gidan aka yi ta. Mutumin nan ya ga ƙasashe, ya sayi janareta, amma a zauren masaukin fatake ya girma, yana kai wa baƙi ruwan wanka. Ya kasa cewa a tashi. Ya tsaya rana na dukansa, kuku na riƙe da laima a kan iska.

Saude ta bar shi ya ɗan gasu, sannan ta ce, "Zamna, ɗana, ka sha ruwa. Ba ni ƙin gaskiya, ba ni da gado irin nasu. Wata shekara maigidana ya ishe gidan ubanka cike, sai ubanka yak kai shi ɗakin maƙwabci ya kwana. Amma da sahe gidanku yaz zo gaisuwa, kuma ubanka yas sallame shi. In kana da wuri, in ba ka aronsu su kwana. Baƙina na dai."

Alhaji ya sauke riga daga kafaɗa, ya tsuguna ya karɓi moɗa. Ya sha, can sai dariya ta kuɓuce masa, irin ta wanda aka kayar a kokawa ya san kayen ya yi kyau.

"Aro na roƙa, Inna. Hal su tahi."

"Hal su tahi," in ji Labbo, ya miƙe yana kakkaɓe riga. Masu gadon kara suka jingine shi a bakin kogo suka bi shi. Mahaifina ya juya baya yana share ido da hannun riga. Ni kuwa sai a lokacin na sauke akwati, na zauna a kansa.

Na ji sanyi a raina, amma ba duka ba, don hutun Bature ba ya wuce mako. Kullum da safe sai ga su sun zagayo gaisuwa, da yake na yi musu bayanin ƙa'ida. Matar ta koyi cewa "ina kwana," Saude ta koya mata kaɗi, suka yi ta hira kowa da harshensa. Ni ina lissafin ranar tafiya kamar mai jiran hukunci. Tukunyar kalwa dai tana kife.

Ranar da za su tafi ta ƙulle musu daddawa a ganye, guzuri, ta ce da ni, "Hwaɗa masu, duk wanda sunka aiko, nan zai sauka. Kak ka rage ko kalma, marowaci." Na faɗa, har da ƙari. Suka sa daddawar cikin akwatin tufafinsu, ban hana su ba.

Alhaji bai tayar da maganar a makon ba, yana fama da gyaran kwalbati. Kafin ya gama sai ga wata mota ta tsaya a kasuwa, wasu Turawa uku suka leƙo suna tambayar gidan Mama Saude. Ba otal suka ce ba. Aka nuna musu tsohuwar hanya, suka hau suna haki, suka sha ruwa, ta aika a gaya wa Alhaji ya zo ya karɓi aro. Bayansu wasu suka zo, har da manyan ma'aikata daga Kaduna da Legas. Hanyar mota ta gyaru, amma kowa so yake ya hau da ƙafa ya sha ruwan tsohuwa, ga firji can yana ta aiki babu mai kula shi. Da aka sake kai magana gaban hakimi, cewa ya yi shi bai san yadda ake tayar da gidan da baƙi ke kan hanyar zuwa cikinsa ba, wanda ya sani ya je ya yi.

Alhaji ya mayar da ɗakin cin abincinsa wani kogo. Abu ɗaya ya roƙa, a rage wari. Ta ce ba ta san daddawa marar wari ba, amma za ta ƙara ganye. Wata safiya na hau na ji tun daga tsakiyar hanya hancina ya ɗauka. Na ƙarasa da gudu kamar yaro, na tarar da wuta a murhu, tukunya na tafasa, ta shimfiɗa gadon karan nan a kan duwatsu tana shanya daddawa a kai. Ban taɓa jin ƙamshi irin warin ranar nan ba.

Na ce, "Amarya, tsakaninki da Allah, tun daga sama kin hango motarmu ta tsaya. Kin san ta ƙofarki za mu bi."

Ta ce, "Ni ruwa nib ba su. Ƙishi sunka ji ko ba su ji ba?"

Ban taɓa samun amsar da ta wuce wannan ba.

Otal bai yi tsawon rai ba. Bayan 'yan shekaru kuɗi suka ɗauke, soja suka dawo, Turawan kwangila suka tattara suka koma gida. Janareta ya yi shiru, kuku ya koma Kaduna da hularsa, jemagu suka dawo gidansu. Ni na koma jigilar fasinja tsakanin Anka da Gummi. Ranar da Alhaji ya zo kwashe gadaje, ya rame ya yi furfura, ta tsohuwar hanya ya hau. Ta ba shi ruwa, ta yi masa shimfiɗa, ya kwanta a tabarmarta ya yi barci har la'asar. Da zai tafi ta ƙulle masa daddawa, ta ce ya san masaukinsa.

Saude ta ƙara shekaru a kogonta, tana faɗa da kowa, tana tilasta wa mutane shan ruwa. Ta rasu da kaka, bayan an gama yankan gero, da hantsi, tana jin ɗigar ruwa a randarta. Tun tana da ƙarfi ta bar wasiyya cewa kada a wahalar da kowa wajen hawo da makarar masallaci, ga gadon kara nan, ai don ita aka kawo shi. Muka kakkaɓe shi, muka sake ɗaure sandunan. Ni da mahaifina muka kama gaba. Dutse a bushe yake ranar, babu santsi, muka sauko da ita a hankali.